Tafiyar da Jiki Ba Ya Ji

Jikin mutum ba ya jin gudu, sauyin gudu yake ji. Fasinjan motar da ke tafiya a miƙe, kilomita 80 a awa, yana iya shan ruwa bai zubar ba. Masanin kimiyya Galileo ya bayyana wannan a 1632, da misalin wanda ke rufe cikin jirgin ruwa. A mota, sai an ƙara gudu, an taka birki ko an sha kwana jiki ke karkata, domin sauya alƙibla ma sauyi ne, ko da allurar gudu ba ta gusa ba. Duniya kanta tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a daƙiƙa, amma kwanarta a hankali take, kuma rana na jan ta tare da duk mazaunanta, shi ya sa ba a lura.