Marowacin da na rubuta

Ni manomi ne. Garinmu yana tsakanin Magarya da Dungas. Da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa, sai na sayi kaye da bik, na ce ni ma zan rubuta labari.

Labarina na farko na wani marowaci ne. Yana da rumbu uku cike da hatsi, amma iyalinsa suna shan kunu tsararo. Na zuba masa mugun hali tun daga kai har ƙafa. Da dare na karanta wa abokan ajinmu. Aka yi ta dariya. Malaminmu kuwa bai yi dariya ba. Ya ce mini: "Malam, mutumin nan naka daga sama ya faɗo? Wa ya haife shi? Me ya same shi har ya zama haka?" Na rasa amsa.

Abin da ya fi wannan ciwo, jama'a sun gane wanda nake nufi. Wani dattijo ne maƙwabcina. Magana ta kai kunnensa. Ya daina amsa gaisuwata.

A lokacin nan ina ɗan gudu da safe, domin likita ya ce jinina ya soma hawa, in riƙa motsa jiki. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani. A fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. A fara da tafiya kamar minti 10, sannan a shiga sassarfa. In kana gudu ba ka iya yin magana, ka yi sauri da yawa, sai ka rage. Kada a ƙara nisa kullum, a ƙara kaɗan mako mako. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. A sa takalmi saboda ƙaya da ƙarangiya. Gaskiya ne Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci tseren kilomita 42 ba takalmi a birnin Roma a 1960, amma shi ya daɗe yana horar da ƙafarsa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya, ya je asibiti. Da azumi kuma ba a gudu da rana.

Wata safiya gudun nan ya bi da ni ta bayan maƙabarta. Sai na hangi dattijon a tsugune shi kaɗai yana addu'a. Na rage gudu, na wuce. Da na koma gida na tambayi gwaggona. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ɗana, kai yaro ne a lokacin. Ka san yunwar 1984?"

Ta ba ni labari. Damina ta ƙi. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Mu kuwa mutanen Magarya rabin cinikinmu da can ne. Mutane suka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Kafin yunwa, dattijon nan shi ne mai kyautar unguwa. Ya sayar da hatsinsa da kaka ya yi wa ƙanensa aure. Da yunwa ta zo, rumbunsa fanko. Ƴaƴansa biyu suka rasu a wata ɗaya. Tun daga ranar bai sake yarda ya ga gindin rumbu ba.

Jikina ya yi sanyi. Ashe abin da na kira rowa tsoro ne.

Na je na same shi a zaure. Na durƙusa na ce: "Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya ya ce: "Tashi, ɗana. Wanda bai sani ba, ba ya ganewa." Na yage takardun nan a gabansa.

Bayan haka malaminmu ya ara mini littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. A ciki almajirai ne suka tambayi malaminsu daga ina ya fito. Amsarsa ita ce littafin duka: yadda aka sace shi yana yaro, aka bautar da shi, aka ƙetare hamada da shi. Da ba mu ji wannan ba, da ba mu san inda haƙurinsa ya samo tushe ba.

Yanzu kafin in fara labari, sai in ware shafi ɗaya ga kowane mutum na ciki. In rubuta garinsu da sana'ar ubansa. In rubuta wanda ya rene shi. In rubuta abin da ya taɓa rasawa, da abin da yake tsoro, da abin da yake ɓoyewa. Ba duka nake sawa a labarin ba. Amma in na san su, na san abin da zai faɗa in an zo roƙon hatsi a ƙofarsa. Kuma na daina ɗauko maƙwabci in sa a takarda. Mutanena ƙirƙirarsu nake yi. Yawancin asalinsu a hanya yake zo mini, ina gudu da sanyin safiya.

Kai ma da ka iya rubutu, gwada. Zauna da tsofaffin gidanku. Tambaye su shekarun gyaɗa, da farin 1973, da yadda aka kafa garinku. Za ka sami abin da zai ishe ka gina mutum goma.

Dattijon ya rasu bara. Ranar sadakar bakwai aka buɗe rumbunansa, unguwa duka ta ci. Allah ya jiƙansa, ya ba mu damina mai albarka.