Jitar gwanjo a Ruwan Godiya

Makonni kaɗan bayan an gama girbin masara, ɗan yayata ya bugo mini waya daga Ruwan Godiya. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Kawu, idan za ka zo, don Allah ka biya Sabon Gari ka taho mini da tsirkiyar jita, masu kaurin nan guda huɗu, na bes." Na yi zaton ban ji da kyau ba, domin a 'yan shekarun nan saƙon da muka saba samu daga wannan yanki bai wuce na taki, ko magani, ko kuma gudunmawar kuɗin fansa ba. Na sa ya maimaita har sau biyu. Washegari na shiga kasuwar Sabon Garin Kano, layin masu sayar da lasifika da kayan kiɗa, na sayo abin da ya ce, na jefa a jaka.

Daga Kano na kwana a Funtuwa, da hantsi na shiga motar da ke bin titin Gusau. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba a yi mata sammako, ba a kuma bari rana ta yi sanyi a kanta. Mun wuce Mairuwa, gonaki dama da hagu an tsayar da karan dawa, nan da can kuma auduga ta yi fari fat. A Sheme na sauka na nemi ɗan acaɓa. Ruwan Godiya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Faskari, wadda ita da Ƙanƙara da Sabuwa suke da kujera guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce mai albarkar noma, amma mafi yawan 'yan Najeriya ba su san sunayen garuruwanta ba sai ta labarin 'yan bindiga, musamman tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

A wani shinge da ke kan hanya masu tsaro suka ce in buɗe jaka. Ɗayansu ya zaro tsirkiyar nan a nannaɗe, ya juya ta, ya tambaye ni ko wayar tarko ce. Da na ce ta jita ce, sai ya yi dariya ya ce ai ya san mai ita. Ashe ranar da yaron ya shigo da jitar daga Funtuwa, a goye a baya cikin baƙar jaka mai tsawo, sai da aka tsayar da shi daga nesa, aka sa ya ajiye ta a ƙasa ya zuge da kansa. Ban ga laifinsu ba. A wurin da bindiga ta yi yawa, duk wani dogon abu da aka rataya a kafaɗa abin tuhuma ne.

Na iske jitar a ɗakinsa, a jingine da buhunan waken suya. Ja ce, fentinta ya ɗaɗɗaye a gefe, a kanta kuma an rubuta Fender. Shi da kansa ya fara gaya mini cewa rubutun nan na bogi ne. Ta ainihin, wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951 da sunan Precision Bass, ko ƙanwarta Jazz Bass ta 1960, kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Ko Squier, wadda kamfanin ke yi domin masu ƙaramin ƙarfi tun 1982, ba ta kai hannun irinsu ba. Abin da ke isowa nan shi ne kwaikwayon da aka ƙera a Sin, ko gwanjon da ya biyo ta Alaba a Legas, ya yi shekaru a wani coci kafin a sake sayar da shi. Tasa gwanjo ce, kuma kuɗin buhu uku na masarar gayaunarsa ya zuba a kanta.

Ya ce a karo na farko an cuce shi, domin ƙyalli ya bi. Wadda ya fara saya wuyanta a murɗe yake, da kyar ya samu aka musanya masa bayan ya yi ciko. Daga nan ya koyi yadda ake duba jita kamar yadda ake duba sa a kara. Za ka ɗaga ta ka saiti wuyan da ido ɗaya daga kai zuwa gindi. Idan lanƙwasa ce ta gaba, tana gyaruwa, idan kuwa murɗewa ce, ka ajiye musu kayansu. Za ka gwada sandar ƙarfen da ke ɓoye cikin wuyan ka ga ko tana juyawa, domin idan ta cije, jitar ta zama itacen girki. Sannan ka danna kowane gurbi ka saurara, ka murɗa maɓallan sauti, ka girgiza wayar a bakin raminta. Fenti shi ne na ƙarshe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, shi kuwa ya ce ai ba adon ya je saye ba.

Babban abokin gabar jita a ƙasarmu shi ne yanayi. Tsirkiyoyin nan huɗu idan an ɗaure su suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Da hunturu itacen yakan bushe ya tsuke, wuyan ya ranƙwafo, tsirkiya ta yi nisa da yatsa, bakin ƙarafan da aka jera a wuyan kuma su fito suna yankar hannu. Da damina itacen ya sha danshi ya koma baya, sai tsirkiya ta riƙa gogar ƙarfe tana zuza. Saboda haka sau biyu a shekara yakan sa ɗan makulli ya juya sandar nan, rubu'in zagaye kacal, ya bar ta ta kwana kafin ya ƙara. Ƙura kuma takan shige maɓallan sauti su riƙa ƙarar-ƙarar. Tsirkiya idan ta sha gumi muryarta ta dushe, sai ya kwance ta ya tafasa a tukunya, ya shanya ta bushe sarai, ta ɗan farfaɗo na wasu makonni. Waɗanda na iske a jikinta sau huɗu ana dafa su, har mahaifiyarsa ta ware masa tsohuwar tukunya ta ce kada ya sake taɓa mata ta miya.

Da ya juya mini jitar yana nuna gyare-gyaren da aka yi mata, sai na ga hannun rabin garin a jikinta. Ɗan matashin da tsirkiya ke hawa a saman wuya na roba ne ya fashe, mahauci ya ba shi ƙashin ƙafar sa, ya goge shi da zarto ya yi masa tsaga huɗu. Kafinta ya cike ramukan kusoshin da suka zaizaye da tsinken ashana da gam. Baduku ya ɗinka masa maratayi na fata mai faɗi, domin bes tana da nauyi. Babban aikin kuwa na wani dattijo ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Shi ya nuna masa cewa abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe dubban zagaye, kuma gunjin da ke damunsa daga wayar da ta tsinke ne, wadda ya kamata ta haɗe da ƙarfen gindin tsirkiya. Suka like ta da dalma, suka shimfiɗe cikin ramin wayoyin da takardar alminiyam, gunjin ya ragu ƙwarai. Dattijon ya kuma gargaɗe shi kan jona amfilifaya a janareta ba tare da wayar ƙasa ba, domin wutar takan biyo tsirkiya ta kama mai kiɗa.

Janaretan ma bai daɗe ba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A lokaci guda yaron ya rasa wutar kunna jita, ya kuma rasa malamansa na YouTube. Watannin nan ne ya tare a rumfar mai rediyo. Suka samo allon amfilifayar mota mai aiki da batir, suka dasa a akwatin da kafinta ya haɗa, da lasifika mai inci 12. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, shi tuni ya koma batir da ɗan farantin sola.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa Bahaushe da wannan abu. Ni ma na yi wannan tunani a kan acaɓa. Amma kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya zaga duniya da shi, irin kayan kiɗan nan ne da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau ake cika dandali a Turai da Amurka domin jinsa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bala Miller a Kaduna da Sa'adu Bori a Maraɗi sun rera Hausa a kan jita tun kafin a haifi wannan yaro. Abin da ya faru a wajenmu shi ne, tun da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin makaɗa biyar, aka bar jita ga coci-coci da 'yan tsirarun masu sha'awa. Ga shi kuma mafi yawanmu a waya muke jin waƙa, alhali tsirkiyar bes mafi kauri sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan amo. Sai ka tsaya a gabanta za ka ji shi a ƙirjinka.

Da dare bayan Isha'i mahaifinsa ya kira ni zaure. Malam mutum ne mai kawaici, bai taɓa yi mini zancen ba sai ranar. Ya ce gonarsa ta cikin daji shekara uku ke nan ba a shiga ba, ta bakin gari kuma ba ta yi sai da taki, ga kuɗin taki a jingine a ɗaki an yi masa jan fenti. Ya ce kuma a zuriyarsu ba a taɓa maroƙi ba, ba ya so a fara daga kansa. Ya roƙe ni, tunda yaron yana jin maganata, in sa shi ya sayar.

Ban yi masa gardama a kan kiɗa ba, domin wannan magana ce da malamai suka daɗe suna yi, kuma shi ya fi ni karatu. Na dai tambaye shi wa ya gyara lasifikar masallacinsu da ta mutu da azumi. Ya ce yaron ne. Na tambaye shi wa ke haɗa wa mutane sola a unguwa, wa kuma ake aiko wa da amfilifaya da jita daga Funtuwa a gyara a mayar. Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan gyara ne, ba kiɗa ba. Na ce, "Malam, a cikin jitar nan ya koyi riƙon dalma." Dattijon mai rediyo idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa sun tafi Kano da Abuja neman kuɗi kamar sauran samarin garin, ba wanda ya zauna ya gaje shi sai wannan da sha'awar jita ta kai shi rumfar.

A nan nake ganin akwai abin da hukumomi da masu hali ya kamata su duba. Duk shekara ana raba wa matasa kekunan ɗinki da injinan markaɗe da sunan koyar da sana'a, har sun fi masu kawo ɗinki da markaɗe yawa. Amma kowane masallaci da makarantar Islamiyya da coci da gidan biki a kudancin Katsina yana da lasifika, kuma idan ta lalace sai an ɗauke ta an bi hanya mai haɗari zuwa Funtuwa ko Zariya. Gyaran kayan sauti da na kiɗa sana'a ce da jarinta bai wuce ƙarfen like da mitar gwaji da 'yan makullai ba. Makarantun fasaharmu za su iya koyar da ita cikin watanni, su kuma ɗauki irin wannan dattijo a matsayin malami tun yana da sauran gani. Ƙarfe ɗaya ba ya amo: idan mahauci da baduku da mai rediyo suka watse saboda rashin tsaro, abin da gari zai rasa ya fi jita nesa ba kusa ba.

Malam bai ce ya yarda ba. Abin da ya ce shi ne a bar maganar sai bayan an sayar da waken suya, kuma kada ya ji wannan abu a gidan biki. Da safe yaron ya ɗaura sababbin tsirkiyoyin, ya saita su, ya rage sauti ƙasa sosai, domin a garin yanzu ba a son ƙarar da za ta hana a ji motsin babura daga nesa. Ya kaɗa wani salo da ya ce daga kalangun Shata ya ɗauko, yana bin hawa da saukar gangar da yatsu biyu. Ƙannensa suka taru a bakin ƙofa. Na lura Malam, da ke alwala a tsakar gida, ya daɗe bai ajiye butar ba.

Kafin azahar ɗan acaɓa ya zo, domin in riski mota a Sheme da sauran rana. Yaron ya raka ni bakin hanya, ya danƙa mini tsofaffin tsirkiyoyin a leda ya ce in kai wa wani abokinsa a Funtuwa, wai suna da sauran dahuwa ɗaya. Allah Ya zaunar da Ruwan Godiya da kewayenta lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu.