Lambar da ke Yatsan Inna

Mu dai ba mu san numfashi na da lamba ba, sai da limoniya ta kayar da Inna da damunar 2021. Da sassafe muka ɗauko ta daga Batsari zuwa Katsina. Yaya kuwa, da labari ya iske ta Safana bayan la'asar, dole ta kwana, don lokacin ba mai kusantar gefen dajin Rugu da yamma.

Aka sa wa Inna injin numfashi, aka maƙala mata wani ɗan matsi mai jan haske a yatsa. In ya nuna 95 mu yi hamdala, in ya gangaro 89 sai salati. Kwana uku ba mu dubi fuskarta ba kamar yadda muka dubi lambar nan.

Daren na huɗu, lamba na 94, likita ta taɓa ƙafar Inna ta ji ta yi sanyi, fitsari kuma ya ragu. Nan take ta sa aka ɗebi jini.

"Likita, ai lambar lafiya lau take," in ji Yaya.

"Hajiya, yatsa yake gani, ba ƙoda ba."

Daga baya muka ji cewa a 2020 masu bincike a Michigan ta Amurka sun gano na'urar takan ƙara wa baƙar fata maki, alhali iskar jininsa ta yi ƙasa. Ashe har inji yana duban launi!

Inna ta tashi. Da ta buɗe baki, awakinta ta fara tambaya.