Gidan Makama: Kanon Jiya a Jikin Bango

Idan kuka tsaya a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano kuka waiga, za ku hango wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango. Gidan Makama ke nan. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Yau gidan adana kayan tarihi ne, kuma can muka kai ziyara a wannan mako.

Zauruka ne a jere, wani na miƙa ka ga wani, ga sanyi kamar an yayyafa ruwa. Mun ga kayan yaƙi da na kiɗa da na sana'o'in gargajiya. Amma inda muka fi daɗewa shi ne gaban tsofaffin hotuna marasa launi: ganuwa da ƙofofinta, sarakuna bisa dawakai, da zamanin da sojojin Ingila suka ci Kano a 1903.

Gani ya kori ji. Ganuwar da ke cikin hoton ta fi wadda muka sani tsayi nesa ba kusa ba. Ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye yawancinta. Haka dalar gyada, wadda kakanninmu ke ba mu labari: buhu ɗaya bai rage ba, sai a hoto.

Sai dai akwai abin lura. Yawancin hotunan farkon mulkin mallaka Turawa ne suka ɗauka, domin su nuna wa mutanensu a gida. A lokacin, kallon ƙasashe masu nisa ta hoto babbar kasuwa ce a Turai da Amurka. Har da hotuna tagwaye ake sayarwa, har da na Afirka: wuri ɗaya a ɗauke shi sau biyu, daga hagu kaɗan da dama kaɗan, a manna a kati guda. In an sa katin a wata na'ura mai gilashi biyu aka leƙa, kowane ido ya ga nasa, ƙwaƙwalwa ta haɗa su, sai a ga wurin da zurfi kamar mutum na tsaye a ciki. Wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana wannan dabara a 1838. Ku gwada: ku ɗaga yatsa, ku rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Za ku ga yatsan ya yi tsalle.

To, mai kyamara shi ke zaɓen abin da zai shiga hoto. An rubuta sunan sarki da na Bature, amma mai riƙe da linzami da mai tallar fura babu wanda ya tambayi sunansu. Shi ya sa in kun tsaya gaban tsohon hoto, ku tambaya: wa ya ɗauka, yaushe, wa aka bari a waje?

A gidajenmu ma akwai irin wannan dukiya, cikin akwati ko ƙarƙashin katifa, gara da danshi na cin ta. Ku ɗauko ku zauna da kaka ta faɗa muku sunayen mutanen ciki, ku rubuta a baya da fensir, ku kuma ɗauki hoton da waya. Ranar da babu kaka, babu mai faɗa.