Na koma ɗan aji ɗaya a gaban Vim

Shekara shida ina koyar da ilimin kwamfuta a wata lise a Zinder, kuma da VS Code nake rubuta ƴan manhajojina. Bai yi mini laifin komai ba. Kwamfutata ce ta tsufa, in na buɗe shi sai na kusa shanye shayina kafin ya gama tashi. Shi ya sa a hutun bara na koma Vim, wanda Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Shi kam nan take yake buɗewa.

Amma halinsa daban ne. Idan ka buɗe shi, harafin da ka danna umarni ne, ba rubutu ba. Sai ka danna i kafin ka fara rubutu, ka danna Esc ka koma ba da umarni. Ba ruwansa da linzami: da h, j, k, l ake yawo cikin shafi, gadon da ya ci daga vi na Bill Joy tun 1976. Ga kuma allon bugunmu na AZERTY irin na Faransa, wanda sai ka haɗa da Shift kafin lamba ta fito, alhali Vim na yawan son lamba.

Daren farko na danna d sau biyu ban sani ba, layi guda ya ɓace. Ban san u na maido shi ba. Na nemi fita, na rasa ƙofa. Ni da nake daka wa yara tsawa in sun manta adana aikinsu, na zauna ina zufa, ƙarshe na kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Nan na tuna wata ɗalibata da hannunta ke rawa duk lokacin da ta taɓa allon bugu. Sau nawa na ce mata, “Ke, abu mai sauƙi haka?” A gidansu babu kwamfuta. Na san da haka, ban dai taɓa jin abin a jikina ba.

Sai da na yi wajen sati uku, ina maimaita darasin vimtutor, kafin yatsuna suka daina tuntuɓe. Yanzu ko wuta ta ɗauke ina tsaka da aiki, yawanci yakan maido mini abin da na rubuta.

Ɗalibaina ban tilasta musu Vim ba, nauyin da ke kansu ya isa. Yarinyar dai na matso da ita benci na gaba, na kuma daina tsayawa a bayanta in tana bugu.