Kibiyar da ta hana mu ɓata

Masu karatu, yau ku yi mini afuwa, zancen wasa na kawo muku. Na san a cikinku akwai wanda zai ce me ya haɗa ma'aikaci mai furfura da wasan kwamfuta, alhali ga tsadar hatsi, ga kuɗin lakwal na yara. To, duk mai saurayi a gida ya san yawan sa'o'in da waɗannan wasanni ke ci, kuma ɗan kasuwa ba zai raina sana'ar ba in ya ji cewa a shekarar 2021 kamfanin Microsoft ya kammala sayen ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda mai ƙera irin wasannin da zan ambata, a kan miliyar 7 da rabi na dalar Amurka. Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami kuwa, gardama ce da ta shiga tsakanina da ɗana, wadda har yau ban tabbatar da wanda ya ci ta ba.

Bari in fara da bayanin irin wasan, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Wasan almara ne da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya zaɓa masa ƙabila da sana'a, sannan a sake shi cikin wata ƙasa ta tatsuniya mai birane da sarakuna da matsafa da dodanni. Mutanen ƙasar suna ba shi aike, yana cikawa ko yana ƙi, gwanintarsa tana ƙaruwa gwargwadon abin da ya saba yi. In wasa ya karɓu, sai kamfani ya fito da na biyu, da na uku, suna ɗauke da suna ɗaya. Tambayar da masu wasa suka daɗe suna jayayya a kanta ita ce: shin na baya-bayan nan sun kai na farko zurfi, ko kuwa ado ya ƙaru, cikin ya rame?

A shekarar 2004 ne wani abokin aikina da ya dawo daga ƙaro ilimi a Faransa ya kawo mini faifan Morrowind, na uku a jerin The Elder Scrolls, wanda ya fito a 2002. Fassarar Faransanci ce, na kuma dasa shi a wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu. Wasan yana buɗewa da kai fursuna ne a cikin jirgin ruwa. A sauke ka a wani ƙauyen gaɓa mai suna Seyda Neen, a danƙa maka ƙunshin takardu, a ce ka kai wa wani mutum, Caius Cosades, a garin Balmora, in ka isa ka tambayi gidansa a wata mashaya. Iyakar abin da ake gaya maka ke nan. Ko ka biya kuɗi ka hau wani ƙaton ƙwaro mai dogayen ƙafafu da mutanen ƙasar suka mayar motar haya, ko ka taka da ƙafa kana karanta allunan da aka kafa a mararraba. Ni da ƙafa na tafi, don kuɗin hannuna kaɗan ne, na kuwa ɓata har sau biyu kafin in ga gadojin Balmora.

Daga ranar na sayi kaye na musamman, ina rubuta kwatancen da mutanen wasan ke yi mini: ka fita ta ƙofar kudu, ka haye kogi, ka wuce sansanin soja, in ka ga gada ka tsallaka. Wani kwatancen daidai yake, wani kuwa mai bayarwar ne ya ruɗe, kamar yadda yakan faru a duniyar gaske. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, ni dai na ɓata duk da tambaya, amma ɓatan ne ya sanar da ni ƙasar, har ya zamana shekara ashirin bayan haka ina iya zana hanyar Balmora da ka.

Bara, a lokacin babban hutu, na tarar da ɗana mai shekara 15 yana buga Skyrim, na biyar a jerin, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011. Na ja kujera na zauna bayansa. Gaskiya idona ya sha kallo: duwatsu masu ƙanƙara, koguna, dodo mai fukafukai yana saukowa daga sama yana aman wuta. Amma na lura da wani abu a saman allon, wata ƴar kibiya fara. Da an ba yaron aike, sai ya danna ya wuce maganar tun mai maganar bai rufe baki ba, ya juya har kibiyar ta zo tsakiya, ya miƙe. In wurin da nisa kuma ya taɓa zuwa, sai ya buɗe taswira ya danna, ya tsinci kansa can. Na tambaye shi sunan mutumin da ya aike shi da dalilin aiken. Ya ce, "Baba, ban sani ba, kibiya ta sani."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Na shiga yi masa lissafi irin na tsofaffi. A Morrowind fannonin gwaninta 27 ne, a Oblivion na 2006 suka koma 21, a Skyrim 18. Siffofi takwas da ake auna jarumi da su, irin su ƙarfi da basira da sauri da sa'a, an share su a Skyrim, aka bar lafiya da ƙarfin sihiri da juriya. Damar da mai wasa ke da ita ta haɗa nasa sihirin da kansa, ita ma an cire. Kibiyar nan kuwa tun Oblivion ta shigo. Da na gama, na dasa masa Morrowind, na ce ya ɗanɗana tsohuwar zuma.

Bai kai rabin sa'a ba ya ture kujera. Wani ɓera ya tare shi a hanya, ya kai masa sara ya fi sau goma, takobin yana ratsa ɓeran amma wasan yana cewa bai same shi ba, domin a can ƙuri'a ake jefawa a ɓoye bisa gwanintar jarumi da gajiyarsa. Tafiyar jarumin kamar ta hawainiya, maganganu kuma duk a rubuce, shafi bayan shafi. Ya ce, "Baba, wannan ai aiki ne. Ku wahala kuka sha, shi ya sa kuke kiranta zurfi."

Na yi fushi a daren, amma da na koma wasan ni kaɗai bayan kwana biyu, sai na ga akwai gaskiya a bakin yaron. Na taso daga aiki a gajiye, ga sa'a ɗaya tak kafin barci, na kuwa ƙare ta wajen neman ƙofar wani kogo da ban samu ba. A 2004 ba ni da iyali, dare nawa ne. Yau da an ba ni kibiya da na karɓa da godiya. Dole in amsa cewa wani kaso na abin da nake kuka a kansa ƙuruciyata ce da ta wuce, ba laifin masu ƙera wasa. Haka kuma yawan lambobi ba shi ne zurfi ba. Daggerfall na 1996 yana da fannoni fiye da 30, wasunsu ba su da wani amfani na a zo a gani, ba wanda ya yi asara da aka yar da su. Skyrim ma ya zo da nasa sabon abu, wato rassan baiwa da mutum ke zaɓa a ƙarƙashin kowane fanni, kuma yaƙin basasar da ke cikinsa yana tilasta wa mai son shiga ya ɗauki ɓangare guda.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, sai dai na gane inda ainihin rashin yake. Tsohon wasan yana iya ce maka a'a. A Morrowind akwai manyan gidajen sarauta uku da ake shiga, Hlaalu da Redoran da Telvanni, kuma in ka rantse wa ɗaya, sauran biyun sun rufe maka ƙofa har ƙarshen wasan. In ka shiga ƙungiyar masu sihiri, ba za a ƙara maka girma ba sai gwanintarka ta kai mizanin da aka gindaya, kamar dai ma'aikacin da ba ya hawa mataki sai ya ci jarrabawa. In ka kashe mutumin da labarin ya rataya a wuyansa, ya mutu ke nan, wasan zai sanar da kai cewa ka tsinke zaren, ya bar ka ka zaɓa: ko ka koma baya, ko ka ci gaba da zama cikin duniyar da ka ɓata da hannunka. A Skyrim irin wannan mutum durƙusawa yake yi, ya huta, ya miƙe kamar ba a yi ba. Jarumin ɗana kuwa shi ne shugaban mayaƙa, shi ne shugaban ɓarayi, shi ne na masu kisan gilla, shi ne kuma shugaban makarantar sihiri ta Winterhold, alhali da gatari yake faɗa, sihirin da ya iya bai taka kara ya karya ba. An ce ba a tauna taura biyu, shi ga huɗu a bakinsa. Zaɓin da ba ya hana ka komai ba shi da nauyi, abin da ba shi da nauyi kuwa ba ya zama a zuciya. Shi ya sa nake tuna gidan da na shiga a 2004, shi kuma bai san wanda ya aike shi jiya ba.

Ƴan kasuwa za su fi kowa saurin gane dalilin wannan sauyi. Na farko, murya. Yawancin zancen Morrowind a rubuce yake, marubuci yana iya ƙara shafi goma ba tare da an kashe wani abin kirki ba. Daga Oblivion aka koma ɗaukar muryar kowace jimla, har Skyrim ya ɗauki ƴan wasa fiye da 70 suka karanta layi sama da 60,000. In kowace kalma kuɗi ce, dole a taƙaita kwatance, a bar kibiya ta yi aikin. Na biyu, yawan masu saye. Morrowind ya sayar da kwafi fiye da miliyan 4 a shekarunsa na farko, Skyrim kuwa a 2023 shugaban masu ƙera shi, Todd Howard, ya ce ya haura miliyan 60. Wanda ya zuba jari mai yawa ba ya son mai saye ya juya daga bakin ƙofa kamar yadda ɗana ya juya saboda ɓera, kuma ba ya son ya kashe kuɗi wajen gina ɗakin da kashi biyu cikin uku na baƙi ba za su taɓa shiga ba. Ban ga laifin wannan lissafi ba, lissafin kasuwa ne, amma yana da farashi, kuma masu wasa ne ke biya.

Ba jeri ɗaya abin ya shafa ba. Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare na Kanada, a 2009, ya ba mai wasa mafari shida daban-daban, gwargwadon ƙabila da asalin da ya zaɓa. Na biyu, a 2011, ya tsaida jarumi guda, ɗan Adam mai suna Hawke. Na huɗu, The Veilguard, da ya fito a 2024, shawara uku kacal ya ɗauko daga wasan da ya gabace shi, alhali a da jerin ya yi suna ne wajen tuna abin da ka aikata a baya.

Sai dai kada in bar ku da zaton cewa ƙaddara ce. A watan Agusta 2023 kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fito da Baldur's Gate 3, shekara 23 bayan na biyu. Yaƙinsa bi da bi ne, ana jefa ƙuri'a mai fuska 20 a gaban idonka, abokin tafiyarka yana iya fushi ya rabu da kai, ko ya mutu, labari ya ci gaba ba shi. Duk da haka ya samu kasuwa mai yawa, ya kuma ɗauki kambun wasan shekara a bikin The Game Awards. Elden Ring na Japan, a 2022, shi ma bai ba kowa kundin aike mai kibiya ba, mutane suka yi rububinsa. Ashe masu saye ba su ƙi a ce musu a'a ba, muddin an faɗa da gwaninta. Tun 2018 Bethesda ta sanar da The Elder Scrolls na shida, kuma fatana shi ne masu ƙera shi su ɗauki sauƙin hannu na Skyrim, su mayar da ƙofofin da ke rufuwa.

Mu koma gida. Kafin hutun ya ƙare, ɗana yana neman wata takarda a akwatina sai ya ci karo da tsohon kayen nan, bangonsa ya yage, rubutun bik ya koɗe. Ya zauna ya karanta kwatancen hanyoyin yana dariyar zanen taswirata. Ban ce masa komai ba. Bayan kwana uku na ji sautin wasan daga ɗakinsa. Ya koyi barin jarumin ya huta kafin faɗa, ya kashe ɓeran, ya isa Balmora da ƙafa, ya kuma ɓata a inda na ɓata. Har yanzu yana cewa Skyrim ya fi daɗi, ni ma ban musa masa ba. Amma wani dare ya same ni a tsakar gida, ya durƙusa, ya ce, "Baba, gidajen nan uku, wanne zan shiga? An ce in na shiga ɗaya shi ke nan."

Na ce masa wannan ba a tambayar uba. Ya koma ɗaki, ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa, abin da ban taɓa ganin kibiya ta sa shi ya yi ba. Gidan da ya zaɓa daga ƙarshe ba nawa ba ne.