ZARATAN DA SUKA SHIGA DAJIN BAMA DA ƘAFA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Duk sanda aka kai hari a yankinmu, ko Faskari ne, ko Sabuwa, ko Ɗandume, ko Ƙanƙara, magana ɗaya ce ke yawo a Facebook: a ɗauko sojojin haya, a roƙi Amurka ta turo sojojinta na ƙundumbala, wai mu ba mu iya yaƙin daji ba. Na san zafin da ke sa mutum ya faɗi haka. Wanda ya sayar da masararsa tun tana gona don ya haɗa kuɗin fansa, ba ka da bakin ce masa ya tauna magana kafin ya furta. Amma wannan kalma ta "ba mu iya ba" tana ci mini rai, domin gwarazan da na fi girmamawa a harkar soja 'ya'yan manoma ne irinmu, masu jin Hausa, kuma a daji suka yi suna.

Duk wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, inda makarantar horar da kuratan soja take, wadda aka kafa tun 1924. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar ma'anar sunan? Chindit suna ne na wata runduna ta musamman da Ingila ta kafa a yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, ƙarƙashin wani Bature mai suna Orde Wingate. An samo sunan daga mutum-mutumin zaki da ake girkewa a ƙofar wuraren bauta na ƙasar Bama. Aikin rundunar shi ne ta kutsa can cikin ƙurmi, bayan sansanonin sojojin Japan, ta datse musu layin dogo da hanyoyin kai abinci da makamai.

A watan Maris na 1944 aka fara kwasar su ta sama ana sauke su a tsakiyar daji, wasu ma a cikin jiragen da ba su da inji, jan su ake yi da igiya a sake su. Cikin birged shida da suka yi wannan aiki, ɗaya ta 'yan Najeriya ce: bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Akwai wani sansani da aka kafa a kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina, aka sa masa suna White City saboda fararen lemomin saukar da kaya da suka maƙale a kan itatuwa. A watan Afrilu Japanawa suka yi ta afka masa dare bayan dare, ba su karɓe shi ba. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka riƙe ramukan nan.

Ku ɗan kwatanta abin a ranku. Saurayi ya taso a ƙasar dawa da auduga, bai taɓa ganin teku ba, an sa shi a jirgin ruwa makonni, an sauke shi a Indiya, daga nan sai ƙurmin da rana ba ta ratsa shi. Kaya a bayansa kusan kilo 30, alfadari a gabansa, ruwan damina ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga matsattsaku. Abincinsa sai an jefo daga sama. Sauran 'yan'uwansu na runduna ta 81 da ta 82 kuwa suna can yankin Kaladan da Arakan, inda dubban 'yan dako suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci a ka, a wuraren da mota ba ta shiga. Shi ya sa har gobe muke da barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas. Duk sunayen wuraren da suka zubar da jini ne. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, da kansa ya je har can ya gaishe su.

A cikin mutanen wancan zamani akwai wanda nake so matasanmu su san sunansa: Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja a wajen Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a yaƙin duniya na farko, daga baya ya shiga rundunar Najeriya. Ya yi yaƙin Habasha, ya je Bama, ya bar aiki a 1953 da lambobin yabo a ƙirji, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Da a wata ƙasa aka yi shi, da tuni yara sun haddace tarihinsa a firamare.

Mu da aka haifa wajajen 1980 mun riski ragowarsu. A garinmu akwai wani dattijo da ake ce wa Baba Soja, gadi yake yi, ba ya son hayaniya. Tafiyarsa a miƙe, rigarsa ko ta tsufa a wanke take tas. Idan manya suka matsa masa da tambaya, ba ya labarin harbi. Abin da yake faɗa shi ne yunwa, da ruwan sama, da abokinsa da suka binne a gindin wata itaciya ba tare da likkafani ba. Yara kuwa tsokanarsa suke yi, su ƙame su sara masa suna dariya. Ya rasu ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa. Allah Ya jiƙansa.

Na san wani zai ce, ai Turawan mulkin mallaka suka yi wa yaƙi, ina abin alfahari? Maganarka tana kan hanya. Wasu da son ransu suka tafi, wasu kuwa hakimai da dagatai aka ɗora wa adadi suka kawo su. Albashinsu bai kai na farar fata ba, kuma takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna kuɗin sallamar da aka ba Bature ya ninka na baƙar fata kusan sau uku. An cuce su, babu ja. To amma zaluncin na wanda ya yi shi ne, jarumtar kuwa tasu ce. Idan Ingila ta manta da su don ba 'ya'yanta ba ne, mu mene ne uzurinmu?

Abin da ya sa na dawo da wannan tarihi yanzu shi ne darasin da ke ciki. Mutanen nan sun shiga daji sun zauna, ba su leƙa da safe su koma bakin kwalta da yamma ba. Kuma abin da ya ba su ƙarfin zama sananne ne. Ana jefo musu abinci da harsashi. Wanda ya ji rauni, ƙananan jiragen Amurka na sauka a fili ɗan kaɗan su ɗauke shi, don haka kowa ya san ba za a bar shi ya ruɓe ba. Sannan mutanen yankin, musamman ƙabilar Kachin, su ne idonsu da kunnensu. Akwai kuma darasi mai ɗaci: bayan Wingate ya mutu a haɗarin jirgi a ranar 24 ga Maris 1944, an bar rundunar a daji fiye da yadda aka tsara, wasu har watan Agusta, sai ciwo da yunwa suka gama da ƙarfinsu. Ko zaki ne, in ba a hutar da shi ba, zai faɗi.

To mu auna da namu. Dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari ba su kai ƙurmin Bama duhu ba. Jinin ma bai ƙare ba. Magadansu ne suka je Kwango a 1960, suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG daga 1990. Irinsu ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya kwanta dama a Malam Fatori a watan Nuwamba 2016. Irinsu ne yaranmu na rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoba 2023, waɗanda wasunsu mun sallaci gawarsu da hannunmu. Maza muna da su. Tambayar ita ce, wanda aka tura daji, abincinsa na isa gare shi? In an harbe shi, akwai mai ɗauko shi? Ana sauya shi ya ga iyalinsa? In ya mutu, matarsa za ta samu haƙƙinsa ba tare da ta tsufa a bakin ofis ba? Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Mu kuma mutanen gari, muna rufa wa infoma asiri don ɗan'uwanmu ne, ko muna faɗin gaskiya?

Sojan da ke bakin daga yau yana kallon yadda muka yi da na jiya. In ya ga tsohon soja na gadi da ƙafa ɗaya yana bin fansho, ya riga ya ga gobensa.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da manyan birane don tunawa da mazan jiya. Madalla. Ni roƙona ƙarami ne. Duk wanda kakansa ko wani dattijon gidansu ya je Bama, daga Maska, Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur ko Malumfashi, ya tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ya rubuto mana sunansa da garinsu. In akwai lamba ko tsohuwar takardar sallama a ƙasan adaka, a ɗauki hotonta. Mu tara, mu kai wa malaman tarihi na jami'o'inmu.

Allah Ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, Ya kare waɗanda ke daji a daren nan, Ya dawo mana da zaman lafiya mu koma gonakinmu. Amin.